Zumunta a Ƙafa Take: Daga Antakiya Zuwa Gimi da Wusasa

Karatunmu: Ayyukan Manzanni 11:19-30

Yau muna so mu waiwaya mu dubi wani yanki na tarihin ikkilisiya a ƙasarmu. In aka tambayi yaro a makarantar Lahadi ina ikkilisiya take, sau da yawa zai nuna ginin da yake da gicciye a bisansa. Manya ma da dama haka za su amsa. Amma ginin nan majami'a ce. Ikkilisiya kuwa ita ce jama'ar da suka ba da gaskiya ga Yesu, suna riƙe da juna, suna kuma gaya wa waɗansu abin da suka samu. Tarihi ya nuna mana cewa inda abubuwa biyun nan suka haɗu, wato riƙon juna da ba da shaida, ikkilisiya takan rayu ko da garinta ya zama kufai.

Abin da ya faru a Antakiya

Bari mu fara daga tushe. Bayan da aka jejjefe Istifanas a Urushalima, tsanani ya tashi, masu bi suka warwatsu. Manzanni suka tsaya cikin birni, sauran jama'a kuwa suka kama hanya, waɗansu zuwa Finikiya, waɗansu tsibirin Kubrus, waɗansu har Antakiya ta Suriya. A zamanin nan Antakiya ce birni na uku a girma cikin mulkin Romawa, bayan Roma kanta da Iskandariya ta Masar. Yau tana cikin ƙasar Turkiyya.

Yawancin masu gudun nan, Yahudawa 'yan'uwansu kaɗai suke yi wa maganar Yesu. Amma waɗansu mutanen Kubrus da na Kurane, wadda take cikin ƙasar Libiya ta yanzu, suka buɗe baki ga maƙwabtansu waɗanda ba Yahudawa ba ne. Luka bai rubuta sunayensu ba. Ba manzanni ba ne, ba wanda ya aike su da takarda. 'Yan gudun hijira ne masu neman wurin sa haƙarƙari da abin sawa a baka. Duk da haka ta bakinsu ne taro mai yawa ya juyo ga Ubangiji.

Da labari ya kai Urushalima aka aiko Barnaba. Shi kuma ya tafi Tarsus ya ɗauko Shawulu, suka yi shekara guda cur suna koyar da jama'a. A nan ne aka fara kiran almajirai da sunan Kirista. Sa'ad da yunwa ta auku a zamanin Kaisar Kalaudiyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 41 zuwa ta 54, sababbin masu bin nan suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya waɗanda yawancinsu ba su taɓa gani ba. Daga wannan ikkilisiya ce kuma aka keɓe Barnaba da Shawulu aka sallame su zuwa ga al'ummai. Mu riƙe siffar nan a zuciya: an warwatsa su, sun yi magana, sun zauna sun koyi Maganar Allah tare, sun ɗauki nauyin juna, sa'an nan suka aiki waɗansu. Za mu sake ganinta a ƙasar Zazzau.

Likita Mila a Zariya

A shekarar 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya taso daga Ikko da abokan tafiya huɗu, suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juyo kudu suka sauka a Girku. Ɗaya daga cikinsu ya rasu a can. Cikin ayarin nan akwai wani saurayi likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila. Kafin ya zo ya je Tarabulus ya koyi Hausa wurin Hausawan da suke zaune a can. A 1905 ya sami izini ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe wurin shan magani da 'yar makaranta, ya duƙufa a kan juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa.

Mutum ne mai himma, ya kuma iya Hausa ƙwarai. Amma shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi baftisma ba su taka kara sun karya ba. Dalilai suna da yawa. Gwamnatin Turawa ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka ta taƙaita yawon masu mishan a ƙasashen sarakuna. Babban dalili kuwa shi ne, mutum a ƙasar Hausa ba shi kaɗai yake tsaye ba. Yana da gida, da dangi, da gandu, da unguwa. Wanda ya bi Yesu shi ɗaya, wa zai ba shi mata? Wa zai taya shi noma? In ya mutu wa zai kai shi makwancinsa? Wa'azi ya shiga kunnuwa da yawa, amma mai son bi bai ga jama'ar da za ta rungume shi ba.

Isawa

Ashe tun kafin Mila ya sa ƙafa a ƙasar nan akwai waɗansu mutane da suke taruwa a kan sunan Isa. Labarin da zuriyarsu suka riƙe ya ce, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Cikin karatunsa hankalinsa ya tsaya a kan abin da aka faɗa game da Annabi Isa ɗan Maryamu. Ya tara almajirai yana koya musu girman Isa da dawowarsa. Maganar ta kai gaban hukuma, ya ƙi janye abin da ya faɗa, aka kashe shi a Kano. Almajiransa suka watse zuwa wajen Ningi da ƙauyukan da suke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Ana ce da su Isawa, waɗansu kuma suna kiransu Bani Isra'ila.

Ba mu kawo labarin nan don mu fama tsohon gyambo ba. Maƙwabtanmu Musulmi na yau ba su suka yi ba, kuma tare muke cin kasuwa ɗaya da su. Abin da muke so mu lura da shi shi ne, mutanen nan ba su da Linjila a hannu, ba su da fasto, ba su da majami'a. Abin da suke da shi ɗan haske ne kaɗan da kuma juna. Uba ya gaya wa ɗa, malami ya gaya wa almajiri, suka riƙe begen nan shekaru da dama suna jira.

A 1913 waɗansu samari biyu daga cikinsu suka zo wurin Mila a Zariya, suka ba shi labarin mutanensu. Aka aiki masu bi suka zazzaga ƙauyukansu suna karanta musu Bishara. Ba dukan Isawa suka karɓa ba, waɗansu suka ci gaba da tafarkinsu. Amma gidaje da dama suka ce lalle wannan shi ne wanda iyayensu suka yi ta jira. Mu lura da yadda abin ya zo. Samari biyu ne suka taka da ƙafarsu suka kawo labari, suka kuma koma da labari. Da Bishara ta shiga, ta tarar da jama'a wadda ta riga ta saba zama tare, sai ta kama saiwa da sauri fiye da yadda ta yi cikin dukan shekarun Mila a birni. Gaskiyar Hausawa da suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Gimi

Da yake a warwatse suke, suka nemi wuri guda inda za su zauna su yi sujada su koyar da 'ya'yansu. Aka ba su fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka fara taruwa a can wajen 1914. Wanda ya zauna tare da su yana kiwonsu shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, jikan waɗanda aka kwashe daga Afirka zamanin cinikin bayi. Mutum fiye da 100 suka taru. Suka gina gidaje da ɗakin sujada da makaranta, suka sare daji suka yi gonaki. Suka koyi matse rake su dafa mazarƙwaila, sana'ar da ƙasar Maƙarfi ta shahara da ita har yau. Ga duk mai dubawa, wannan shi ne mafarin babbar ikkilisiyar Hausawa.

Sai ciwon barci ya shigo. Ƙudan tsando ne yake kawo shi, shi kuwa yana zaune cikin kurmi a bakin rafuffuka, inda mata suke ɗiban ruwa, yara suke wanka. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, sa'an nan kasala, sa'an nan mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka har ya kwanta bai tashi ba. Magungunan da suka zo suka taimaka daga baya ba su iso ba tukuna. Cikin 'yan shekaru kaɗan mutuwa ta cinye yawancin mutanen Gimi. Tilas aka bar garin. Waɗanda suka tsira, da marayu cikinsu, aka komo da su Zariya.

'Yan'uwa, kada mu yi saurin wuce wurin nan. Mutanen nan sun bar ƙauyukansu saboda Yesu, sun taru cikin sunansa, a wurin taron nan kuma mutuwa ta same su. Muna iya tunanin irin maganganun da aka yi a kasuwannin kewaye, da irin tambayoyin da suka taso cikin zukatan waɗanda suka binne 'ya'yansu. Ba mu da amsa mai sauƙi, Littafi Mai Tsarki ma bai yi mana alkawarin cewa mai bi ba zai sha wuya ba. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, Gimi ta mutu amma ikkilisiyar Gimi ba ta mutu ba. Ragowar nan ba su koma kowa ya kama gabansa ba. 'Yan'uwa a Zariya suka karɓe su, aka sa yaransu makaranta, aka ci gaba da sujada tare.

Wusasa

A 1929 mishan ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa, bayan ganuwa, gindin dutse. A can aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da tubali da ƙasa, bisa ga ginin Hausawa, da bakan gizo a ciki. Tana nan tsaye har yau. Aka kafa asibiti da makarantu. Wusasa ta zama gari inda Bahaushe da Bafillace da mutumin dutsen Filato suke zama a benci ɗaya ran Lahadi, 'ya'yansu suna aji ɗaya ran Litinin.

'Ya'yan ƙaramar jama'ar nan sun yi wa ƙasa aiki. Likita Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda aka sa wa babban asibiti sunansa a Kaduna, daga cikinta ya fito. Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya girma, gama mahaifinsa mai bishara ne daga ƙasar Angas wanda ya kawo iyalinsa can. Muna gode wa Allah dominsu. Amma kyauta mafi girma da ta fito daga jama'ar nan ba mutum ba ce. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa. Mila ne ya ja ragamar aikin, tare da masu mishan na waɗansu ƙungiyoyi, amma masu bi Hausawa da suka zauna tare da shi su suka auna kalmomin, suka ce wannan Hausa ce, wannan kuwa ba haka muke faɗa ba.

Littafin nan ya yi tafiya inda mutanen Gimi ba su taɓa zuwa ba. Berom ya karanta shi, da Bajju, da Tangale, da Bachama, da Bura, da masu bi na Maraɗi da Damagaram a Nijar. Kabilun da ba su jin harshen juna suka sami harshe ɗaya na addu'a da waƙa. Mai bishara daga wata kabila ya iya ɗaukar jakarsa ya tafi wata kabila ya zauna, ya yi noma da safe, da yamma ya koyar da karatu a gindin itace. Da ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan ɗin SUM da 'yan'uwansu suka haɗa kai a 1955, sunan da suka zaɓa da Hausa ne, kalmar farko a cikinsa kuwa ita ce Tarayya. Ita ce TEKAN ta yau.

Sabon Rai Don Kowa

Harshe ɗayan nan ne ya share hanya ga wani babban motsi. A 1963 wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, Gerald Swank, tare da waɗansu shugabanni, suka ga cewa aikin shaida ya koma hannun fastoci da masu bishara kaɗai, sauran jama'a sun zama 'yan kallo. Sun ji yadda ikkilisiyoyin Amurka ta Tsakiya suka tashi da dukan membobinsu zuwa aikin bishara, sai suka tsara irinsa don ƙasar nan. A 1964 aka fara a lardin Zazzau da na Filato, aka kira shi Sabon Rai Don Kowa.

Tsarinsa ba shi da wuya. Da fari, ƙananan ƙungiyoyin addu'a cikin gidaje, mutum kaɗan kaɗan, suna ambaton maƙwabtansu da suna a gaban Allah. Na biyu, koyarwa daga wani ɗan littafi, domin kowane mai bi, ko manomi ko mai dakan gero, ya iya bayyana hanyar ceto da bakinsa. Na uku, ziyara gida gida. Na huɗu, in an gama girbi, ƙungiyoyin sa kai su tafi ƙauyuka masu nisa da guzurinsu. 'Yan ECWA da na TEKAS, kamar yadda ake kiranta a lokacin, da Anglikan da Baftis da waɗansu suka yi aikin tare. Mutane da yawa suka tuba, masu bi da suka daɗe ba sa ga maciji da juna suka shirya, gama yana da wuya ka durƙusa kowace safiya kusa da wanda kake gaba da shi. Ƙungiyoyin Sabon Rai da muke gani cikin majami'unmu har yanzu, daga nan suka samo asali.

Ina muke yau?

Yanzu majami'unmu sun fi na kakanninmu girma nesa ba kusa ba. Muna da lasifika da motoci da makarantun tauhidi, Littafi Mai Tsarki ma yana cikin wayar hannu. Amma akwai abubuwa uku da suke neman raba abin da Allah ya gama, wato zumunta da shaida.

Na ɗaya, tsoro. Tun rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, garuruwa da yawa sun rabu, Kirista a gefe guda, Musulmi a gefe guda. Akwai yaran da suka girma ba su taɓa cin tuwon salla a gidan maƙwabci ba, ba su kuma taɓa kai masa abincin Kirsimati ba. Tsoron yana da dalili, gama an zub da jini. Amma wanda ba ka gaisawa da shi, yaya zai ga Almasihu cikin rayuwarka? Shaidar kirki takan bi ta gaisuwa, da dubiya, da ta'aziyya, da gaskiya cikin ciniki, a yi ta da ladabi da tawali'u, ban da gardama da zagin addinin kowa.

Na biyu, kabilanci. A wurare da dama in za a zaɓi dattawan ikkilisiya ko a kawo sabon fasto, tambayar farko ita ce, ɗan ina ne? Cikin shugabannin Antakiya akwai Saminu da ake kira Baƙi, da Lukiyas mutumin Kurane, da Manayan wanda ya tashi tare da Hirudus a fada. A Gimi, baƙo daga hayin teku ne ya yi kiwon Hausawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na uku, barin aiki ga ma'aikata. Mai bi ya sa baiko ran Lahadi, ya ɗauka ya sallami aikin bishara. Baiko yana da kyau, amma ba ya magana. Maƙwabcinka ba zai taɓa zuwa ofishin fasto ba, kai yake gani kullum a bakin rijiya da wurin aiki.

Kada kuwa mu ce labarin warwatsuwa na dā ne. A 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, majami'u masu yawa suka ƙone a Borno da Adamawa, dubban 'yan'uwa suka gudu zuwa Yola da Jos da Abuja da Kamaru. Inda suka sauka suka taru suka yi sujada, ko a sansani ko a gindin itace, masu bi na waɗansu ɗariku kuma suka buɗe musu ƙofofinsu. Har yanzu akwai gwauraye da marayu a cikinmu daga wannan wahala da irinta. Yadda muka riƙe su, shi ne wa'azin da na waje za su fara ji.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane mai sauraro cikin makon nan. Ka nemi mutum biyu ko uku a unguwarku ku sa lokacin addu'a tare. Ki tuna da 'yar'uwar da ta daina zuwa Zumuntar Mata, ki je ki ga lafiyarta. Ku ambaci maƙwabci ɗaya da suna a gaban Ubangiji, sa'an nan ku taka ku gaishe shi. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take. Bishara ma da ƙafa ta iso gare mu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin bayinka na Antakiya waɗanda kai kaɗai ka san sunayensu, da na Gimi waɗanda suka riƙe bangaskiya har bakin kabari. Ka ɗaure mu da ƙaunar juna, ka kawar da tsoro da bambanci daga tsakaninmu. Ka ta'azantar da waɗanda aka kora daga gidajensu. Ka buɗe bakinmu da hikima da ladabi, ka ba ƙasarmu salama. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.